Yadda Ake Kwatanta Farashi da Ingancin Dunƙulalliyar Kwamfutar Tebur: Jagora ga Cibiyoyi da Ƙungiyoyin Madawa, Buza da Keita

Gabatarwa

An shirya wannan bayani domin shugabannin cibiyoyin yaƙi da jahilci, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na mata, da ma'aikatan ƙananan hukumomi a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, waɗanda nauyin sayen kwamfuta ya rataya a wuyansu. Galibi kuɗin sayen irin wannan na'ura sau ɗaya yake zuwa, ko dai daga kason wani shiri na raya karkara, ko daga asusun da mambobi suka tara da guminsu. Idan zaɓi ya karkace, sai an yi shekaru kafin a sake samun wata dama. Sau da yawa kuma na'urar takan tafi da rajistar ɗalibai, da lissafin bashin taki da iri, da littattafan koyon karatu da aka yi watanni ana shiryawa.

Mai karatu, abin da wannan jagora ke son ku riƙe shi ne: kuɗin da ɗan kasuwa ya faɗa muku kashi ɗaya ne kawai na abin da na'urar za ta ci. Kafin ku ce wannan ta fi waccan araha, wajibi ne ku haɗa kuɗin saye da na kariya daga matsalar wuta da na gyara, sannan ku raba jimlar da yawan shekarun da za ta yi tana aiki a cikin zafi da ƙurar ƙasar Adar.

Mece ce dunƙulalliyar kwamfuta?

Kwamfutar tebur da aka saba gani kashi biyu ce: akwatin da ke ɗauke da injin, da kuma fuskar da ake kallo. Ita dunƙulalliya an haɗa injin da fuskar a jiki ɗaya, har wanda bai sani ba zai ɗauka talabijin ce. A kantunan Yamai da Maraɗi za ku ji ana ce mata tout-en-un, a jikin kwali kuma akan rubuta haruffa uku, AIO. Kamfanin Apple ne ya sa irinta ta yi suna da ya fito da iMac a 1998. A yau HP, Lenovo, Dell, Acer da Asus duk suna ƙera tasu.

Amfaninta a bayyane yake. Ba ta cin wuri, waya ɗaya ce ke zuwa soket, tana zuwa da kyamara da lasifika a jikinta, kuma ba ta shan wuta kamar tsofaffin akwatuna, domin yawancinsu da kayan cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ake haɗa su. Faɗin fuskarta yana ba mutum uku ko huɗu damar zama su duba aiki tare, abin da malaman manya ke buƙata idan suna gyara darasi.

Illarta ita ma daga haɗin take fitowa. Idan fuskar ta fashe, duk na'urar ta tsaya. Idan injin ya mutu, fuskar ma ta zama kayan ajiya. Ba ta da batir a ciki, saboda haka da an ɗauke wuta take mutuwa nan take, tare da duk abin da ba a adana ba. Kayan gyaranta kuwa, musamman gilashin fuska, na wannan samfuri ba ya shiga wancan.

Ku fara da tambayar aikin da za ta yi

Kafin ku taka ƙafa zuwa kanti, kwamiti ya zauna ya rubuta amsar tambayoyi huɗu:

1. Wane aiki za a yi da ita kullum? Buga wasiƙu da rahoto da lissafi aiki ne mai sauƙi. Shirya littafi mai hotuna ko gyara bidiyon wayar da kai ya fi nauyi.
2. Wuri ɗaya za ta zauna, ko za a riƙa yawo da ita?
3. Daga ina wuta za ta zo: layin Nijelek, farantin hasken rana, ko janareta?
4. Wa zai gyara ta idan ta samu matsala, kuma a wane gari yake?

Idan mai duba cibiyoyi ne da ke zagaya ƙauyukan Bangi da Urno, ko na Karofan da Tabotaki, a kan babur, kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi dacewa da shi, don tana da batir kuma tana shiga jaka. Idan ofis ne mai nisa da masu gyara, ku yi tunanin ƙaramin akwati da fuska dabam, domin in ɗaya ya lalace ana iya canza shi kaɗai. Dunƙulalliya ta fi dacewa da ofis mai ƙofa da makulli, inda za ta zauna wuri guda mutane da yawa suna amfani da ita.

Sassa biyar da za ku kwatanta

Na ɗaya, ƙwaƙwalwar na'ura, wato firosesa. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta, Intel da AMD. A wajen Intel akwai Celeron da Pentium a ƙasa, sai Core i3, i5 da i7, sannan sababbin da ake kira Core Ultra. A wajen AMD akwai Athlon a ƙasa, sai Ryzen 3, 5 da 7. A nan ne masu saye suka fi ruɗewa, domin suna ɗauka duk mai lamba 7 ta fi mai lamba 3. Shekarar ƙira ta fi wannan lamba muhimmanci, kuma ana gane ta daga alƙaluman da ke biye da sunan. Core i5-6500 zubi na 6 ce, ta 2015. Core i3-1215U zubi na 12 ce, ta 2022, kuma ta fi waccan sauri tare da ƙarancin shan wuta. Kada ku yarda a rubuta muku "Core i5" kawai a takardar tayi. A rubuta cikakkiyar lamba. Don aikin ofis, Core i3 ko Ryzen 3 na ƴan shekarun nan sun wadatar. Intel N100, wadda ta fito a 2023, ita ma tana iya buga takardu da lissafi, muddin sauran sassan suna da kyau.

Na biyu, ma'ajiyar wucin gadi, wadda ake rubutawa RAM. Ku ɗauke ta kamar tabarmar da ake baza kaya a kai lokacin aiki: in ta yi ƙanƙanta, sai an kwashe wani abu kafin a ɗora wani. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga manhajojin yau. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ku karɓa, 16 kuwa zai sa na'urar ta daɗe ba ta yi nauyi ba. Ku tambaya ko ana iya ƙara ta daga baya, domin a wasu samfura an liƙe ta da dalma a jikin injin, ba ta ciruwa. Daga ƙarshen 2025 farashin wannan sashe ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya saboda yawan buƙatar manyan cibiyoyin adana bayanai, don haka ku sa ido kada a rage muku shi a ɓoye domin a sauke farashi.

Na uku, rumbun ajiya, inda takardunku ke kwana. Iri uku ne. HDD tsohon yayi ne mai faifai da ke juyawa a ciki. Yana da araha da faɗi, amma yana da jinkiri kuma girgiza na lalata shi. SSD ba shi da abin da ke motsi, yana da sauri sosai, kuma ya fi jure tafiya a hanyoyin Adar masu duwatsu. Na ukun shi ne eMMC, wanda ake sa wa na'urori masu arha. Ƙarami ne, a liƙe yake, ba a canza shi. Ku zaɓi SSD mai gigabait 256 zuwa 512. Na'ura mai SSD 256 ta fi mai HDD 1,000 daɗin aiki nesa ba kusa ba.

Na huɗu, fuska. Ana auna ta da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma girman da aka fi samu shi ne 21.5, 23.8 da 27. Mai inci 23.8, wato kimanin santimita 60, ita ce tsaka-tsaki a kuɗi da shan wuta. Ku tabbatar tsabtar hotonta ta kai 1920 sau 1080, domin ƙananan alamomi irin lanƙwasar ƙ da ɗ su fito sarai. Fuskar da aka rubuta wa IPS tana ganuwa daga gefe, abin da ke da amfani idan mutane suka zagaye ta. Wadda ba ta ƙyalli ta fi mai sheƙi kamar madubi a ɗaki mai yawan hasken rana. Fuskar da ake taɓawa da yatsa kuwa ƙarin kuɗi ce da ƙarin tsadar gyara, kuma aikin ofis ba ya buƙatar ta.

Na biyar, kafofin haɗi. Ku ƙirga kafofin USB: allon madannai, linzami, firinta da makullin ajiya sun riga sun cinye huɗu. Ku duba ko akwai kafar wayar intanet da kuma Wi-Fi, tunda a ƙauye galibi daga wayar salula ake jawo intanet. Kafar HDMI iri biyu ce. Ta fita tana kai hoto zuwa majigi ko talabijin lokacin horo. Ta shiga kuwa tana ba ku damar amfani da fuskar da wata na'ura, kuma a wasu samfura hakan kan ceci fuskar bayan injin ya tsufa. Allon madannai da linzami masu waya sun fi marasa waya dacewa da ƙauye, don ba sa neman ƙananan batura.

Batun Windows, harshe da haruffanmu

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka shiga tsarinsa. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana da sharuɗɗa: na'urar ta kasance da abin tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma firosesarta ta kasance ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan ne ya sa tsofaffin na'urori na zubi na 4 zuwa na 7 ba su da daraja kamar da. Akwai masu gyara da ke cusa musu Windows 11 ta bayan gida, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan sabuntawar tsaro ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwar na'ura yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, ta ci gaba da aiki. Haka nan LibreOffice kyauta ce, tana buga takardu da lissafi, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Idan an ce an sa muku Microsoft Office, ku tambaya ko na dindindin ne ko na biyan kuɗi duk shekara ne, a kuma ba ku shaidar lasisi.

Sai batun harshe. Na'urar da ta fito daga Faransa ko aka yi oda don ƙasashe masu aiki da Faransanci tana zuwa da allon madannai da ya fara da AZERTY. Wadda ta biyo ta Kano, Sakkwato ko Dubai galibi da QWERTY take farawa, kuma Windows ɗinta na Ingilishi ne. Canza allon madannai abu ne mai sauƙi da arha. Amma akwai nau'in Windows mai harshe ɗaya tak, wanda ba ya yarda a juya shi zuwa Faransanci. Ku duba wannan tun a kanti.

Ga masu aikin yaƙi da jahilci, haruffa su ne jarin aiki. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Wannan yana ƙara nauyin buga Hausa daidai a ofisoshi. Abin farin ciki, ba sai an sayi na'ura ta musamman ba. Windows yana da tsarin madannai na Hausa a cikinsa, kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL kyauta ce. Ita wannan ƙungiya ta fitar da salon haruffa mai suna Andika domin masu koyon karatu, da Alkalami da Harmattan domin rubutun ajami. Ga cibiyoyin yankin Keita da ke aiki da Tamajak, salon Ebrima da ke cikin Windows yana ɗauke da haruffan Tifinag. Kafin ku biya kuɗi, ku buga kalmomi irin ɓarawo, ɗaki, ƙasa da ƴaƴa, ku ga sun fito.

Kamfanoni da rukunan kayansu

Sunan kamfani kaɗai ba ya nuna inganci, domin kowane kamfani yana da rukuni biyu. Akwai na amfanin gida, kamar Lenovo IdeaCentre, Acer Aspire C, Dell Inspiron da ƙananan samfuran HP. Akwai kuma na ma'aikatu, kamar Lenovo ThinkCentre, HP ProOne da EliteOne, da Dell OptiPlex, wanda kamfanin ya koma kira Dell Pro daga 2025. Na gida sun fi arha da kyan gani. Na ma'aikatu galibi sun fi sauƙin buɗewa, kamfanonin suna wallafa littafin gyaransu, kuma kayan canjinsu sun fi yawa a kasuwa tunda hukumomi da bankuna suna sayen su da yawa. Idan bambancin kuɗi bai yi yawa ba, rukunin ma'aikatu ya fi dacewa da cibiyar da ke nesa da birni.

iMac na Apple na'ura ce mai kyan fuska da ƙarancin shan wuta. Samfurin 2024 mai inci 24 ya fara ne daga dala 1,299 a Amurka, kafin kuɗin jigila da na duwan. Ma'ajiyarta a liƙe take, ba a ƙara ta, kafofin USB ɗinta duk na sabon salon USB-C ne, kuma ba ta buɗe manhajojin Windows kai tsaye. Idan shirin da ke tallafa muku yana da manhajar lissafi ko ta rajista da aka yi don Windows, wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga lissafi.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Nijelek mai ƙarfin bolt 220 ce, kuma babban kaso nata daga Najeriya yake zuwa. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi lokacin da aka yanke layin a watan Agusta 2023, har sai da aka maido shi a 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta ƙara wa jihar Tawa wuta, amma duk mai ofis ya san ɗaukewa da raguwar ƙarfi a watannin bazara. Wutar da ke hawa da sauka ita ce babbar abokiyar gabar wannan na'ura. Saboda haka ondilar, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintoci bayan an ɗauke wuta, ɓangare ce ta sayen. Ku nemi mai daidaita ƙarfin wuta a cikinta. Batirinta yakan gaji cikin shekara biyu ko uku, a wuri mai zafi ma kafin haka. Ku kuma fifita kwamfutar da cajarta ke waje kamar ta tafi-da-gidanka, domin in wuta ta ƙona cajar, ita kaɗai za a canza. Na'urar da ta biyo ta Najeriya takan zo da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. A canza wayar da ta dace da soket ɗinmu ya fi a riƙa cusa ta da ƙarfi.

Ga waɗanda ke kan hasken rana, ga yadda ake lissafi. Lambar da ke jikin caja, 65 ko 90, ita ce iyakar wat da za ta iya bayarwa, amma a aikin ofis na'urar ba ta kaiwa nan. A ɗauka tana shan wat 40, ana aiki da ita awa 6. Wannan ya ba da wat-awa 240, in an ƙara asarar inbata ya kai wajen 300. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha, wato 600. Ke nan zai riƙe na'urar kwana biyu, kuma faranti mai wat 150 zai iya cika shi. Tsohon akwati da fuskarsa masu shan wat 120 za su nemi kusan 900 a rana, abin da ya fi ƙarfin wannan batir. A nan ne dunƙulalliya ke maida kuɗinta. A kula: firinta mai aiki da garin tawada tana jan ɗaruruwan wat idan tana ɗumama, don haka kada a haɗa ta da ondilar ko ƙaramin inbata. Mai ruwan tawada ta fi dacewa da hasken rana.

Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35 lokacin aiki, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu yana haura 40. A irin wannan lokaci a yi aiki da safe da yamma, a nisanta na'urar da taga da bango, a bar mata sararin shan iska. Lokacin hunturu ƙura tana toshe kafofin iska ta sa fanka ta gaji. A rufe na'urar da ƙyalle bayan an kashe ta, kada a rufe ta tana aiki, a kuma busa mata iska lokaci-lokaci. Da damina, idan hadari ya taso, a zare filogi gaba ɗaya saboda tsawa.

Lissafin farashi na gaskiya

Ku nemi takardar tayi daga ƴan kasuwa uku, kowace ɗauke da cikakken sunan samfuri, lambar firosesa, girman RAM, irin rumbu, nau'in Windows da tsawon garanti. Ku tambaya ko harajin TVA, wanda yake kashi 19 cikin 100 a Nijar, yana cikin kuɗin. Idan kun ga farashi da kuɗin yuro, lissafin a tsaye yake: yuro 1 sefa 655.957 ne, don haka na'urar yuro 500 ta kama kusan sefa 328,000 kafin jigila da duwan. Farashin naira kuwa yana motsi, sai a canza shi da kuɗin ranar da za a biya, a ƙara kuɗin mota da na shigowa da kaya ta hanyar doka. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya sa kaya da yawa suka koma biyowa ta tashar jiragen ruwa ta Lome, hanya mai tsawo da tsada, shi ya sa tsohuwar takardar tayi ba abin dogaro ba ce.

Ga misali don koyon lissafi kawai. Ku sa alƙaluman da kuka samu a madadin waɗannan.

Tayi na ɗaya: ta hannu ce, Core i5 zubi na 6, RAM 8, rumbun HDD, babu garanti, sefa 150,000. A ƙara SSD na 30,000 da ondilar ta 60,000, jimla 240,000. In ta yi shekara 2, kowace shekara ta ci 120,000, kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Tayi na biyu: sabuwa ce, Celeron, RAM 4 a liƙe, rumbun eMMC, sefa 260,000. Da ondilar da canjin batir sau ɗaya na 15,000, jimla 335,000. In ta yi shekara 3 kafin nauyinta ya gagari aiki, kowace shekara ta ci kusan 112,000.

Tayi na uku: sabuwa ce, Core i3 zubi na 12, RAM 8 mai karɓar ƙari, SSD 512, garantin shekara 1, sefa 400,000. Da ondilar da canjin batir sau biyu, jimla 490,000. In ta yi shekara 6, kowace shekara ta ci kusan 82,000.

Wadda ta fi tsada a kanti ita ce ta fi sauƙi a shekara. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma wannan ba ya nufin kowace ta hannu abin gudu ce. Ta rukunin ma'aikatu, daga zubi na 8 zuwa sama, mai SSD, wadda mai kanti ya ba da garantin wata uku ko shida a rubuce, tana iya zama zaɓi mai kyau ga ƙungiyar da asusunta bai da ƙarfi.

Game da garanti, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a ina ake cika shi? Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Garantin da sai an kai na'ura can, ko sai an tsallaka iyaka, yana da kuɗin mota da makonnin zaman jira a bayansa. Ɗan kasuwa na Tawa, Ƙonni ko Maraɗi da ya yarda a rubuce zai karɓi na'urar ya gyara ko ya canza, ya cancanci ɗan ƙarin kuɗi.

Ranar saye

1. A buɗe kwali a gabanku, a kunna na'urar, a shiga shafin bayanin na'ura a cikin Windows, a gwada abin da ke nan da abin da ke takarda.
2. Lambar shaidar na'ura ta jikin kwali da ta bayan fuska su zama ɗaya, a rubuta ta a faktir. Da wannan lamba ana iya duba shekarar ƙira da garanti a shafin kamfanin.
3. A cika fuskar da fari, sannan da baƙi, a duba ɗigo ko layi.
4. A gwada kowace kafar USB, da kyamara, da lasifika, da Wi-Fi.
5. In ta hannu ce, a tabbatar babu kalmar sirri ta tsohon mai ita ko ta wata ma'aikata da ta kulle ta.
6. A bar ta tana aiki rabin awa, a saurari ƙarar fanka, a taɓa bayanta a ji zafi.
7. A ɗauko ta cikin kwalinta da sosonta, a tsaye, kada a ɗora mata kaya. A ajiye kwalin, domin da shi za a maida ta in ta kama.
8. A sayi makullin ajiya biyu ko rumbun waje tun ranar. Duk ƙarshen mako a kwafe rajista da lissafi, a ajiye kwafi ɗaya a wani gida dabam.

Kammalawa

Ga ofishin cibiya ko na ƙungiya a Madawa, Buza ko Keita, ma'aunin da ya dace shi ne: fuska mai inci 23.8 marar ƙyalli, Core i3 ko Ryzen 3 na ƴan shekarun nan, RAM 8 mai karɓar ƙari, SSD daga 256 zuwa sama, Windows 11 mai lasisi, caja ta waje, ondilar, da garantin da ake cikawa kusa da gida. Duk tayin da ya gaza wannan, ku tambayi abin da aka rage. Duk wanda ya haura shi, ku tambayi kanku ko aikinku yana buƙatar ƙarin. A rubuta dalilin zaɓin a littafin zaman kwamiti, a haɗa shi da takardun tayi uku da faktir, domin mambobi da masu tallafi su ga yadda aka kashe dukiyarsu, wanda zai gaje ku kuma ya san inda zai nufa ranar da na'urar ta nemi gyara.